Ni da Surukina da Ledar Burodi a Hanyar Daudawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na goya surukina a mashin daga Mairuwa zuwa Daudawa ba. Ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bari ba, don har yau akwai masu tuna mini da ita kyauta, wasu tun kafin su amsa sallamata.

Ni malamin firamare ne, kuma kimiyya nake koyarwa. (Riƙe wannan da kyau, zai yi maka amfani in an zo wajen dariya.) Ina da wani jan mashin da nake ji da shi kamar me. Kullum da safe sai na goge shi kafin in wanke fuskata, har matata Hajara ta taɓa cewa da mashin ɗin ya iya tuƙa tuwo da tuni na sallame ta.

To, lokacin da fetur ya yi tsadar nan da kowa ya ji a jikinsa, sai na fara lura da wani abu. Duk sanda na ajiye mashin a rana a harabar makaranta, in na zo wucewa sai in ji ƙamshin mai. Ni kuwa da bakina nake koya wa yara cewa abu mai ruwa in ya sha zafi yakan zama tururi ya bi iska. Na tsuguna na ƙare wa murfin tankin kallo, sai ga wani ɗan rami kamar bakin allura. Na ce yauwa, na kama ɓarawo. Wato ni ina fama da alli a aji, man nawa yana can yana sulalewa sama.

Da aka tashi na wuce wurin Iliya bakanike, wanda ke gyara a gindin wata bishiya kusa da tasha, kuma shi ke duba mini mashin tun ranar da na saya. Ba shawara na je nema ba, gaskiya. Na je ne a yaba mini.

"Iliya, ka san ta nan mai yake guduwa?" na ce, ina nuna masa ramin.

Ko ɗagowa bai yi sosai ba. Ya ce, "Malam, bar ramin nan yadda ka gan shi. Ta nan tanki ke shan iska."

Na kwashe da dariya, na juya wajen 'yan acaɓar da ke zaune a benci don su taya ni. "Shan iska? Tanki ne ko tunkiya? Iliya, ɗaure noti ka iya, ban hana ka ba. Amma kimiyya ba ka zauna a ajinta ba."

Aka yi dariya. Iliya ya ce, "Haka ne, Malam," ya ci gaba da aikinsa.

Ina isa gida na samu ledar burodin da muka karya da shi, na ninka ta huɗu, na shimfiɗa a bakin tanki, na danna murfi a kai har sai da ya yi ƙara. Na sunkuya na shinshina. Babu ƙamshi ko kaɗan. Na kira Hajara na yi mata bayani tun daga tururi har zuwa leda. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yi wa wanda ya ce zai tsaya takara.

Bayan kwana biyu mashin ya fara wani sabon hali. A cikin gari lafiya lau, daga gida zuwa makaranta ko tari ba ya yi. Amma da na ɗauki hanya mai ɗan nisa, ina cikin tafiya sai in ji ya fara shaƙewa, ya yi fizga biyu ko uku, ya yi ɗif. In buga kik har gumi ya keto mini, shiru. Da haka na ƙirƙiro tsarina na gyara. Da farko in buɗe tanki in leƙa ko mai ne ya ƙare, in ga akwai, in gyara zaman ledata in rufe. Sannan in kwance fulogi, in hura masa iska, in goga shi a gefen wando, in mayar. Bugu ɗaya sai ya tashi. Sai in dubi hagu da dama ko akwai wanda ya ga gwanintata.

Na tabbatar wa kaina matsalar fulogi ce. Na sa Iliya ya canja. Bai daina ba. Na koma aka wanke kafireta. Bai daina ba. Na koma aka canja kwayil. A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa: duk sanda zan kai mashin wurin Iliya, sai in tsaya a kwanar masallaci in zare ledar in sa a aljihu, don kada ya gani ya ce ban ji maganarsa ba. Shi kuwa bawan Allah sai ya hau, ya yi doguwar tafiya har ya kusa ɓace mini, ya dawo ya ce, "Malam, wallahi mashin ɗinka lahiyarshi lau." Ni kuma ina shan kwana in mayar da ledata. (Na sani. Kai da kake karantawa ka riga ka gane. Ni mai koyar da kimiyya wata biyu na yi ban gane ba, sai ka yi haƙuri ka bi ni a hankali.)

Babu wanda ban zarga ba. Na ce masu sayar da mai a galan suna haɗa shi da ruwa, har na daina gaisawa da ɗaya. Na ce hannun Iliya ya fara sanyi, kuma na faɗa a majalisa. Daga ƙarshe na tuna wani abokin aikina ya taɓa cewa, "Kai, mashin nan yana sheƙi," bai ce masha Allah ba. Na samo ruwan tofi na yayyafa wa injin, har da bututun hayaƙi. Hajara dai ta raɗa masa suna, mai farfaɗiya.

Ana cikin haka bikin Rabi ya taso. Rabi 'yar ƙanen surukina ce, marainiya, tana Daudawa wurin mahaifiyarta. Surukin nawa, Alhaji Sada, wanda nake kira Baba, dattijo ne da ya haura saba'in, mara yawan magana, ya yi shekara talatin yana aikin injin niƙa kafin ya bar wa 'ya'yansa. Kowa a dangin ya san cewa ƙanen nasa Garba, yana kan gadon ciwon da bai tashi ba, ya riƙe hannunsa ya ce kada kowa ya ba da auren Rabi sai shi. Dangin ango kuwa daga Sabuwa za su zo, kuma sun aiko tun da wuri cewa ƙarfe sha ɗaya daidai za a ɗaura, don suna so su koma da sauran rana. Babu wanda ya ga laifinsu, kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama. In lokaci ya yi Baba bai iso ba, sai dai wani cikin dangi ya tsaya a madadinsa.

Ran Asabar da safe motar da aka ɗauko ta cika maƙil da mata da kwanuka da 'yan rakiya, har da Iliya, don maƙwabcin Baba ne. Wata tsohuwa ta rasa wuri, Baba ya sauka ya ba ta nasa, ya ce zai nemi wata motar. Ni kuma da ba a tambaye ni ba, na durƙusa na ce, "Baba, ai ga mashin. Kafin su kai Sheme mun wuce su."

Hajara ta yafito ni cikin zaure. "Da mai farfaɗiyar za ka ɗauki Baba?"

"Na san maganinsa," na ce. "Minti biyu ne."

"Ka dai san abin da ke kan tafiyar nan."

"Haba Hajara, sai ka ce wani yaro."

Wanda bai san surukuta irin tamu ba ba zai gane abin da na jawo wa kaina ba. Shekara uku da aurena ban taɓa haɗa ido da Baba ba. A tsugune nake gaishe shi, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, in na hango shi a layi sai in tuna ina da uzuri a wani layin. Yau ga shi a bayana. Shi ma ya ja can ƙarshen kujera ya riƙe ƙarfen baya, ya bar fili tsakaninmu da akuya za ta zauna ta miƙe ƙafa. Muka tashi tara da rabi.

Ba mu yi nisa da barin gari ba na ji fizgar nan da na sani. Ɗif. Na sauka da murmushi, na ce, "Ɗan fulogi ne, Baba, yanzu-yanzu." Na juya masa baya na buɗe tanki yadda ba zai ga ledar ba, na leƙa, na rufe. Na kwance fulogi, na hura, na goga, na mayar. Bugu ɗaya ya tashi. Baba ya ce, "Madalla." Wallahi har wani daɗi na ji, na ce yau dattijo ya ga irin surukin da Allah ya ba shi.

Dab da Sheme ya sake mutuwa. Na sake yin duk abin da na saba, ya sake tashi. Wannan karon Baba bai ce madalla ba, agogonsa ya duba. Da muka shiga Sheme ya yi gyaran murya ya ce, "Ga masu gyara can." Na ce, "Ai ba sai an ɓata lokaci ba, Baba, su ma abin da na yi za su yi." Muka karya muka ɗauki hanyar Daudawa.

Karo na uku ya same mu a inda ko kare ba ya so ya tsaya. Babu gida, babu mai wucewa, masara ta fi mutum tsawo hagu da dama. Sha ɗaya saura minti ashirin da biyar. Na ce a raina bari in rage aiki, tunda na san akwai mai, buɗe tanki ɓata lokaci ne. Na tafi kai tsaye ga fulogi. Na hura, na goga, na mayar, na buga. Shiru. Na sake bugawa. Shiru. Na sake kwancewa, na hura har na ga taurari, na kankare shi da makulli. Na ja cok, na mayar da cok. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Na dinga buga kik kamar mai faɗa da shi, har maɗaurin takalmina ya tsinke, takalmin ya yi tsalle ya faɗa cikin masara. Na share gumi da hannu, ban san na shafe fuskata da baƙin mai ba.

Wayar Baba ta yi ƙara. Ya ɗauka ya ce, "Muna hanya." Ta sake yin ƙara, ya ce, "Ku roƙe su su ƙara haƙuri, don Allah." A karo na uku ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "A'a. Kada kowa ya zauna wurin nan. Ni na yi wa Garba alkawari." Muryarsa ta karye a kan sunan. Na saci kallonsa, na ga ya juya wajen gona yana goge ido da bakin rawani. A nan dariya ta ƙare mini. Don tsoro da kunya na ji da ƙasa za ta tsage da na shige har da mashin ɗin.

Sai ya matso. Bai dube ni ba, mashin ɗin ya duba, kamar da shi yake magana.

"Sau biyu da ya mutu, an buɗe tanki kahin a taɓa fulogi. Duk biyun na ji ya ja iska. Wannan karon ba a buɗe ba."

"Ai akwai mai, Baba."

"Ban ce babu ba."

Ya miƙa hannu ya murɗa makulli ya ɗaga murfin. Tankin ya yi wani fuuu, irin ajiyar zuciyar wanda aka daɗe da toshe wa baki. Ga ledata nan a ninke, har hoton burodin ana gani. Baba ya ɗaga ta da yatsa biyu yana jujjuyawa.

"In ka huda gwangwanin madara wuri ɗaya, zuba yake yi?" ya ce. "Sai ka yi mashi huda ta biyu iska ta shiga. Mai ba ya sauka in iska ba ta shiga ba. Fulogin nan ba shi da laihin komi, wahala kawai yake sha." Sannan ya ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan aiki?"

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Mu biyu ne sai masara. Da na ce ni ne, da abin ya tsaya a nan, ya mutu tsakanina da shi. Amma bakina ya riga hankalina.

"Iliya ne, Baba."

"Iliya?"

"Shi ne ke taɓa mashin ɗin."

Baba ya ninke ledar ya sa a aljihu, ya rufe tanki, ya ɗan jira mai ya sauka. Sannan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa ya haye mashin ɗina, ya buga sau ɗaya. Ya tashi.

"Hau baya, Malam."

Na tsamo takalmina daga cikin masara na hau. Ashe dattijon nan wuta ne. Ramukan da nake lallaɓawa shi tsallake su yake yi, rawani yana kaɗawa yana marina a fuska. Ga shi ba dama in riƙe ƙugun suruki. Hannu ɗaya a ƙarfen baya, ɗaya riƙe da takalmi, ina ta salati a ɓoye. Mashin kuwa ko tari bai sake yi ba, munafuki.

Sha ɗaya da kwata muka shiga Daudawa. An cika a ƙofar gida, liman yana zaune, direban mutanen Sabuwa har ya juya kan mota. Haka jama'a suka ga shigowarmu: tsoho ɗan saba'in da wani abu yana tuƙi, matashin surukinsa a baya, fuska baƙi ƙirin, ƙafa ɗaya ba takalmi. Baba ya sauka ya wuce kan tabarma ko numfashi bai tsaya ya mayar ba. Aka nema, ya bayar, aka shafa fatiha. Na ga ya daɗe da tafukansa a fuska bayan kowa ya sauke nasa. Ni kuma na lallaɓa can gefe na samu alawa biyu, na ce alhamdu lillahi, an rufa asiri.

Ban gama ɓare ta farkon ba na ji muryarsa.

"Ina Iliya?"

Iliya ya taso da goro a hannu ya durƙusa. Baba ya zaro ledar ya ɗaga sama, a gaban mutanen Mairuwa da na Daudawa da na Sabuwa.

"Iliya, da ubanka muka taso. Mi na yi maka? Ka toshe wa bawan Allah tanki da leda, ka bar mu a daji, saura kaɗan in saɓa alkawarin mamaci. In ba ka iya aikin ba ka bari mana. Daga yau ko keken gidana ba za a sake kai maka ba."

Mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, ana yanka masa sana'a a gaban garuruwa uku. Ga ƙofa ta biyu ta buɗe mini. Me na yi? Na jefa alawa a baki na sunkuyar da kai ina nazarin tsinkakken takalmina.

Iliya ya karɓi ledar ya duba gaba da baya. Ya ɗago ya nemo ni da ido har ya same ni.

"Baba, wallahi ban taɓa ganin ledar nan ba. Amma wata biyu da suka wuce Malam ya zo ya ce mai yana gudu ta ramin murhi. Na ce mashi ya bari, ta nan tanki ke shan iska. Ya ce tanki ne ko tunkiya." Ya ƙara da cewa, "Ya ce ni ban zauna ajin kimiyya ba."

Wani ɗan acaɓa daga baya ya ɗaga murya, "Ƙwarai kuwa, ina wurin!" (Allah ya saka masa, ko tambayarsa ba a yi ba.)

Wani dattijo cikin mutanen Sabuwa ya tambaya, da zuciya ɗaya, "Shi Malam ɗin mi yake koyarwa?"

Kusan mutum goma suka haɗa baki: "Kimiyya!"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Liman ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Ango da kansa sai da aka riƙe shi. Labari ya tsallaka katanga, na ji mata sun ɗauka a cikin gida, kuma a cikin muryoyin na tsinci ta Hajara, wadda take ta "na faɗa masa, wallahi na faɗa masa." Alawar da ke bakina ta ƙi haɗiyuwa ta ƙi fita.

Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya kama hannun Iliya da hannu biyu ya ce, "Yahe mani, ɗana. Na zalunce ka." Dattijo kamar wannan yana ba bakanike haƙuri a bainar jama'a saboda ƙaryata. Sannan ya karɓi ledar ya tako har inda nake. A karo na farko cikin shekara uku muka haɗa ido, kuma da na san haka idon zai kasance da na haƙura da shi har abada. Ya miƙo mini ita.

"Malam, riƙe kayan aikinka."

A mota ya koma. Ni na dawo ni kaɗai, mashin yana ta gudu lafiya lau kamar yana yi mini gwalo.

Washegari da sassafe na je gindin bishiyar Iliya na ba shi haƙuri a gaban 'yan bencin nan da na tara su yi masa dariya. Ya ce ya yafe, amma ya roƙi in bar masa ledar. Tana nan ya ɗaure ta a reshe, duk wanda ya zo yana yi masa gardamar gyara sai ya nuna ta da sifana, ba ya ƙara komai. Wurin Baba kuwa sai da na yi sati ban iya zuwa ba. Hajara ce ta kawo mini saƙonsa. Ya ce mutuwar mashin ba komai ba ce, injin da ya fi wannan ma yana mutuwa. Abin da ya tsaya masa shi ne ya tambaye ni mu biyu a daji, inda babu mai ji, na ba shi sunan wani.

Abin da na koya? In abu yana lafiya a hannun mai gyara, yana mutuwa a hannunka, kafin ka zargi mai sayar da mai da abokin aiki da aljanu, laluba aljihunka tukuna. In kuma dattijo ya tambaye ka wa ya yi, alhali daga kai sai shi sai masara, ka amsa a nan. Masara ba ta dariya.

Mun shirya da Baba, har yakan aiko in kai shi unguwa, da sharaɗin shi zai tuƙa. Sai dai har yau in na tsuguna gaishe shi, bayan ya tambayi iyali da aiki, sai ya kalli mashin ɗin a ƙofar gida, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Yana dai shan iska ko, Malam?"